Bindigar Farauta Mai Sakata: Tsohuwa Ko Sabuwa?

Yawancin maharban karkara bindigar toka suka sani, wadda wasu ke kira adaka. Ana ɗura mata albarushi ta baki, a zuba dalma, a danna da sanda. In an harba sau ɗaya, sai an sake ɗuri. Akwai kuma mai baki biyu, wadda ke watsa ƙananan dalma. Amma akwai wata iri da ake yawan jin labarinta a bakin tsofaffin soja da 'yan sanda. Ita ce bindiga mai sakata. Da irinta maharban Turai da Amurka suka fi farautar manyan namun daji. In ɗayansu ya tashi saye, yakan tsaya ya yi shawara: tsohuwa zai ɗauka, ko sabuwa? Amsar ba ta cikin sunan bindiga ko shekarunta. Tana cikin abu uku: lafiyar ƙarfenta, samun harsashinta, da abin da doka ta ce.

Mece ce sakata?

A bayan bututun bindigar akwai wani dogon ƙarfe mai mariƙi. Yana aiki kamar sakatar ƙofa. Maharbi ya ɗaga mariƙin sama, ya ja shi baya, sai kwanson harsashin da aka harba ya faɗo waje. Ya tura shi gaba, sai sabon harsashi ya shiga. Ya sauke shi ƙasa, sai bindiga ta kulle. Daga nan sai jan kunama. Kowane harbi sai an yi wannan da hannu. Ba ta ɓarin wuta da kanta.

A cikin bututun an yi wasu tsage-tsage masu murɗewa. Su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, don haka yake tafiya sak, ya kai nesa. Bindigar toka da mai baki biyu ba su da wannan.

Inda ta samo asali

Sojojin Furushiya, wani yanki na ƙasar Jamus, sun karɓi irin wannan bindiga tun a 1841. Amma wadda ta fi suna ita ce ta wani Bajamushe, Paul Mauser, wadda ta fito a 1898. Tana ɗaukar harsashi 5. Sakatarta na da haƙora biyu a gaba masu kulle ta, da na uku a baya don tsaro. Har yau kamfanoni da yawa tsarinta suke bi.

Ingila kuma tana da tata, Lee-Enfield, wadda sojojinta suka fara riƙewa a 1895. Tana ɗaukar harsashi 10, kuma sakatarta na da saurin juyawa. Wannan ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Irinta sojojin Nijeriya suka riƙe a yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan sanda ma sun yi shekaru suna saɓa ta a kafaɗa. Rasha tana da Mosin-Nagant tun 1891.

An ƙera waɗannan bindigogi miliyoyi. Da aka gama yaƙi a 1945, gwamnatoci suka koma wa sababbin makamai, suka yi gwanjon tsofaffin. Maharba a Amurka da Kanada da Ostareliya suka saye su da araha, suka rage musu katako, suka shiga daji da su. Nan ne cinikin tsohuwar bindiga ya bunƙasa.

Abin da ke jan mutum ga tsohuwa

An yi ta don wahala. Ta jure laka, ta jure ƙura, ta jure sanyi. Misali, masu sintirin gwamnati a arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, sun riƙe Lee-Enfield tun 1947, kusan shekara 70. Amma a lura da dalilin da ya sa aka sauya musu ita daga baya: kayan gyaranta ne suka yi wuyar samu. Wannan shi ne ciwon duk wata tsohuwar bindiga. In wani ɗan ƙarfe ya karye, kamfanin da ya yi ta ya daɗe da daina yin irinsa.

Akwai kuma tsofaffin da tun asali don farauta aka yi su. Winchester Model 70 ta fito a 1936. A 1964 kamfanin ya sauya tsarinta don rage tsada. Maharba da yawa ba su ji daɗi ba. Shi ya sa waɗanda aka ƙera kafin 1964 suke da daraja a wurin masu tara kayan tarihi. Sai dai mai tara kayan tarihi daban, maharbi daban. Na farko ado yake saye. Na biyu kayan aiki yake nema.

Duba ciki kafin waje

Mai sayarwa yakan goge katako, ya shafa mai, bindiga ta riƙa ƙyalli. Wannan ba ya nuna komai. Lafiyar bindiga tana cikin bututu.

Abu na farko, a tabbata babu harsashi a ciki. Kada a yarda da maganar mai ita, a duba da ido. Sa'an nan a zare sakata, a ɗaga bututu wajen haske, a leƙa ta baya. In ciki yana sheƙi, tsagen nan sun fito sarai, to da sauran aiki a jikinta. In ciki ya yi baƙi, ya yi ramuka kamar zanzana, tsatsa ta ci shi. Irin wannan ba ta riƙe saiti. A nufi gada, a sami kututture.

Tsatsar nan tana da dalili. Tsohon harsashin soja yakan bar wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin yana jawo laima. In ba a wanke shi da ruwa an busar an shafa mai ba, cikin 'yan kwanaki ƙarfe zai fara ci. Bindigar da ta ratsa hannun soja goma ba wanda ya san wanda ya yi mata sakaci.

Bayan bututu sai lamba. A yawancin tsofaffin bindigogin soja an buga lamba a jikin bindiga, an buga irinta a jikin sakata. In lambobin ba su zo ɗaya ba, sakatar wata bindiga aka ɗauko aka sa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wata 'yar tazara tsakanin kan sakata da gindin harsashi, wadda aka auna a masana'anta. In ta yi yawa, kwanson harsashi yana iya tsagewa lokacin harbi, iska mai zafi ta dawo fuskar maharbi. Ido ba ya ganin wannan tazara. Sai gwanin gyaran bindiga mai ma'auni na musamman.

Wani aibin ma gwanin bai ganinsa, sai wanda ya san tarihi. Bindigar sojan Amurka ta 1903, mai suna Springfield, misali ce. Waɗanda aka fara ƙerawa kafin 1918, masu lamba ƙasa da 800,000, an sami kuskure wajen gasa ƙarfen wasunsu. Ƙarfen ya yi gautsi, wasu suka fashe a hannun soja. Har yau ana gargaɗin kada a harba su, ko da sun yi kyau a ido.

A ƙarshe a duba katako, musamman wuyan da hannu ke kamawa, ko ya tsage. A kuma gwada makullin kunama. In an kulle, aka ja kunama, kada ta motsa komai.

Harsashi

Kowace bindiga da nata harsashi. Ana buga girmansa a jikin bututu. Lambar .303 da ke kan Lee-Enfield tana nufin faɗin ramin, wato kashi 303 cikin 1,000 na inci ɗaya. Ba a sa wa bindiga harsashin da ba nata ba, ko da ya shiga. Shiga daban, dacewa daban.

Girman harsashi kuwa naman da ake nema shi ke yanke shi. Ƙaramin nan .22 na zomo ne da makamantansa. Barewa da irinta, maharba kan yi amfani da .243 ko .270. Ɓauna kuwa sai babba irin .375, wanda aka fito da shi a Ingila a 1912. A ƙasar Tanzaniya doka ba ta yarda a fuskanci manyan namun daji masu haɗari da abin da bai kai shi ba. Ƙaramin harsashi a kan babbar dabba rauni kawai yake yi mata. Ta gudu ta mutu a wahale, ko ta juyo kan maharbi.

A nan ma tsohuwa kan ba da matsala. Wata harsashinta ya yi wuya, sai wanda ya shekara 50 a ajiye. Irin wannan yakan ƙi tashi. Wani kuma ya yi jinkiri, sai an sauke bindiga sa'an nan ya tashi.

Sabuwa fa?

Sabuwa ba ta da tarihin da za a yi ta tono. Bututunta sabo, kayan gyaranta suna kasuwa, kuma ta fi sauƙin ɗauka. Lee-Enfield ta kai kilo 4, sababbi da yawa kuwa kilo 3 ne da ɗan wani abu. An kuma yi musu wurin ɗora madubin hangen nesa. Remington 700, wadda ta fito a 1962, tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Wasu sababbin da roba aka yi gindinsu maimakon katako. Ba su da kyan gani, amma damina ba ta kumbura su. Ga wanda aiki yake so, kuma ba shi da gwanin da zai auna masa tsohuwa, sabuwa ta fi kwanciyar hankali.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

A ƙasar nan, kafin a kai ga duk wannan, akwai doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta, mai baki biyu ko mai sakata, lasisinta daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa.

To, a cikin haramtattun nan dokar ta ambaci bindigogin soja masu girman harsashi 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Ke nan tsohuwar Lee-Enfield, wadda maharbin Kanada ke saye a kanti, a nan haramtacciya ce. Mosin-Nagant ma 7.62 ce. Tsufa ba ya fitar da su daga wannan jeri. Wanda aka kama da irinsu ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Wanda aka kama da bindigar farauta ba lasisi, yana iya shan ɗaurin shekara 5.

Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kuma hukuma takan dakatar da bayar da sabon lasisi, kamar yadda ta sanar a 2023. Don haka ofishin 'yan sanda ne wurin fara tambaya, ba wurin dillali ba. Bindigar da aka kawo ƙauye a cikin buhu, ba takarda, ba a san hannun da ta fito ba. Mai yiwuwa an yi fashi ko kisa da ita, kuma wanda aka same ta a ɗakinsa shi zai amsa tambaya.

Lasisin bindiga kuma ba izinin harbi ko'ina ba ne. An hana farauta a gandun daji irin su Yankari a Jihar Bauchi, da Gashaka Gumti, da Kainji.

Akwai wani abu da wanda ya saba da bindigar toka ya kamata ya sani. Dalmar adaka ba ta nisa. Harsashin babbar bindiga mai sakata kuwa, in ya kuskure nama, yana iya wuce kilomita 3 kafin ya faɗi. Dajin ƙasar nan ba kango ba ne. Akwai makiyayi da shanunsa, akwai mata masu itace, akwai manomi a duƙe cikin dawa. Shi ya sa maharban da suka san aikinsu ba sa harbin motsin ganye, kuma ba sa harbin dabbar da ke tsaye a kan tudu, sai sun ga ƙasa ko gangare a bayanta wanda zai tare harsashi.