Filin Heath na Garin Petersfield da Masu Yi Masa Hidima

A kudu maso gabashin Petersfield, wani ɗan gari mai kasuwa a lardin Hampshire na kudancin Ingila, akwai fili na jama'a da ake kira Heath, wanda a cikinsa akwai tafki mai faɗin eka 22 da aka samar a ƙarni na 18 ta hanyar tattara ruwan fadamar wurin, kuma a warwatse cikin ciyayinsa akwai tuddai 21, kaburburan mutanen da suka shuɗe tun kimanin shekara 4,000. Majalisar garin ce ke riƙe da amanarsa, amma wani rabo na hidimarsa yana hannun wata jama'a ta masu aikin sa kai, tsofaffi da matasa, waɗanda ba su karɓar ko sisi.

Baƙon da ya tsaya bakin tafkin da safe, ya ga agwagi suna iyo, zalɓe kuwa na tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, zai yi zaton wuri ne da aka ƙyale bisa halittarsa. Alhali kuwa hakikanin al'amari ba haka yake ba. Irin wannan ƙasa mai rairayi, wadda wani gajeren tsiro mai fure ja-ja ke lulluɓe ta a ƙarshen bazarar Ingila, kiwon dabbobi da saran itace ne suka hana ta zama kurmi shekaru aru-aru, kuma da kiwo ya ƙaura, sai ƙananan itatuwa da ƙaya suka fara mamaye ta, suna yi wa tsiron inuwa har ya mutu, tare da shi kuma ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ƙadangaru masu bukatar rana su rasa mazauni. Saboda haka aikin da bakin saniya yake yi a dā, yau hannun ɗan Adam ne ke yin sa, da almakashi da zarto da safar hannu, kamar dai gayya a gonar maƙwabci.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma nake ganin hikima ce ta gaske, shi ne lura da lokaci: saran da tuge-tugen nan akan yi su ne a kaka da hunturu, cikin sanyi da laka, domin kada a tashi tsuntsu daga kan ƙwansa. Tsakanin 2014 da 2018 kuma, gidan tarihin garin ya jagoranci haƙa wasu daga cikin tuddan nan, inda mutanen gari da dama suka durƙusa da cokalin magini tare da masana, suna tankaɗe ƙasa.