Injin Buga Tambari a Riga da Buhu: A Auna Kafin a Sa Jari

Tun rufe kan iyaka na watan Agusta 2019 masu casar shinkafa suka yawaita, kowa kuma yana son sunansa a jikin buhunsa. Daga nan masu shagon bugu a Daura suka shiga zancen injin da ke bugawa da kansa, har suna neman mu 'yan hatsi mu sa jari. To, ga abin dubawa.

Shi wannan bugu da raga ake yin sa. A ɗaure ta a katako, a toshe idonta ban da wurin zane, a zuba tawada, a ja da roba. Kowane launi da ragarsa. A tebur na hannu, yaro mai ƙwazo da ƙyar ya kai riga 100 a awa, injin kuwa yana wuce 400. Nan ne ido ke rufewa.

Amma fa ba shi kaɗai yake zuwa ba. Galibinsu sai da kwamfaresa, da wuta mai layi uku, da tanderun busarwa, domin tawadar riga ba ta nuna sai zafi ya kai wajen digiri 160. In ba ta nuna ba, wanki biyu ta zube. Wanda ya tuna duhun da Arewa ta sha a Oktoba 2024, lalle ya sa janareto da dizal cikin lissafi.

Babbar magana ita ce buhu. Injin riga daban, aikin buhu daban. Farantinsa an yanka shi ne daidai riga, buhu mai kilo 50 ya fi shi faɗi. Sa'an nan zafin da ke nunar da tawadar riga shi ne ke narka buhun roba, sai an nemi tawada mai bushewa da iska. Mai son buhu dubbai kuwa Kano zai nufa, kamfanonin buhu su buga masa da injin nadi a farashin da shagon gari ba zai iya ba. Mai casa na Zango ko Sandamu da ke son 200, tebur na hannu ya ishe shi.

Aikin riga ma da kakarsa, kamar gero: lokacin zaɓe, komawa makaranta, Sallah da Gani. Sauran watanni injin yana kwance, ƙurar hunturu na cinsa, bashi na tafiya.

In mai shago ya zo maka, ka ce ya kawo littafin aikinsa na wata 12, a ƙirga. Ka tambayi inda makanikin yake, Kano ko Ikko, da ko kayan gyara da dala ake sayensu. Ka kuma kai buhunka a buga a gabanka, bayan kwana ɗaya ka kankare da farce.