Za ka saya wa Baba ko Inna madubin banɗaki? A auna su tukuna kafin a shiga Kasuwar Kure

 Yawancinmu da ke neman abinci a kudu mun baro iyaye a gida, kuma da zarar Allah ya buɗa, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya gyara musu muhalli. Sai a rushe tsohon bayi, a shimfiɗa tayil, a kawo masai na zama, a kafa madubi. Niyya ce mai kyau. Matsalar ita ce, mai kuɗin yana Legas, magini ne ke yanke inda komai zai zauna, shi kuwa da tsayin kansa yake awo. Tsohuwar da za ta riƙa shiga wurin dare da rana ba wanda ya tambaye ta.

Yau a kan madubi za mu tsaya. Na ɗauki Kasuwar Kure ta Minna a matsayin misali, domin nan ne mutanen Limawa, Bosso, Tunga, Maitumbi da Chanchaga suke sayen kayan gida. Sunan tsohon gwamnan Neja ta ci, Injiniya Abdulƙadir Kure, wanda ya riƙe jihar daga 1999 zuwa 2007. Amma wanda iyayensa ke Bida ko Kontagora, ko ma Kano da Sakkwato, duk bayanin ɗaya ne.

Me tsoho zai yi da madubi?

Wani zai ce, ai madubi na amare ne. Ba haka ba ne. Da shi Baba ke rage gashin baki ranar Juma'a, ya gyara gemu, ya daidaita hula ko rawani. Da shi Inna ke sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali. Wanda aka yi wa aikin yanar ido, da shi yake ganin inda zai ɗiga magani. Mai ciwon suga kuwa, likitoci kan ce ya duba tafin ƙafarsa kullum, saboda ƙaya kan shige shi bai ji ba, kuma dattijon da ba ya iya lanƙwasawa sai da madubi zai gani. Duk ranar da tsoho ya yi waɗannan da kansa, ba sai ya kira jika ko suruka ba, mutuncinsa ne aka tsare masa.

Sai kuma maganar haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. In madubi ya yi sama, tsoho zai yi ɗage, ko ya ɗaga kai har jiri ya ɗebe shi. In ya yi nisa, zai jingina da abin wanke hannu ya miƙa wuya. Duk wannan a kan jiƙaƙƙen tayil mai sabulu. Karayar ƙugu ga mai shekara 75 ba irin ta yaro ba ce da za a kai wa mai ɗori ya miƙe bayan 'yan makonni. Da yawa daga nan suke kwanciya ke nan.

Awo kafin ciniki

Mu da muka tashi a kara mun san ba a sayen sa sai an ga tafiyarsa an duba haƙori. To madubi ma ba a sayensa da hoton WhatsApp kawai. Ka sa wani a gida ya ɗauki tef da alli ya yi abu uku.

Na farko, a tambayi mai amfani da shi: a tsaye yake wanke fuska ko a zaune? Na biyu, ya tsaya ko ya zauna a daidai wurin, a kan kujerar da ya saba, a yi alama a bango daidai idonsa. Wannan alama ita ce tsakiyar madubi. Kada a yi amfani da tsayin da ka san shi da shi da, domin daga shekara 40 mutum kan riƙa raguwa kamar santimita 1 duk shekara goma, ga kuma ranƙwafawar baya. Na uku, in Baba da Inna banɗaki ɗaya suke shiga, a yi alama biyu, a nemi dogon madubi da zai haɗa duka.

Akwai ma'aunin da ake bi a Amurka ƙarƙashin dokar masu buƙata ta musamman ta 1990, kuma yana da amfani ko a wajenmu. In madubi a saman abin wanke hannu yake, gindinsa kada ya wuce inci 40 daga ƙasa, wato ƙafa 3 da inci 4. In a bangon da ba komai ne, kada ya wuce inci 35. Da haka mai zama a keken guragu ko a kujerar roba zai ga fuskarsa. Nijeriya ma tana da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai ta fi magana a kan gine-ginen da jama'a ke shiga. Cikin gidanku kai ne hukuma.

Wani abin kuma da zai rage maka kashe kuɗi: madubin da tsawonsa ya kai rabin tsayin mutum ya isa ya nuna shi daga kai har ƙafa, in an kafa shi daidai. Ba sai an rufe bango gaba ɗaya ba.

In an shiga kasuwa

A Kure, kamar kowace babbar kasuwa, madubin da za a fara nuna wa mutum shi ne na kayan ɗakin amarya: mai ado, mai firam na ruwan zinare, mai nauyi. A wuce shi. Ga abin da ɗan aike zai duba.

Kauri. Ana samun gilashi mai milimita 3, 4, 5 da 6. Mai 3 yana da saurin fashewa, kuma in ya yi faɗi yakan karkatar da hoto. A nemi 5 ko 6. A ja da baya a kalli wani miƙaƙƙen abu a cikinsa, kamar ƙofar shago; in ya fito a lanƙwashe, a bar shi.

Baki. In wajen masu yankan gilashi aka je aka yanko daidai awo, a ce su goge bakin su kashe kusurwa. Fatar tsoho ba ta da kauri, kaifi kaɗan ya ishe ta.

Baya. A juya a ga fentin bai kankare ba, domin ta nan danshi ke shiga ya baƙanta gefe. In da hali a manna masa leda mai gam a baya, yadda ko ya fashe ba zai tarwatse a ƙasa ba.

Firam. Na alminiyom ko na roba ya fi. Wanda aka yi da matsattsen garin katako, damina ɗaya ta Minna ta isa ta kumbura shi.

Akwai kuma madubin roba. Ba shi da nauyi, ba ya tarwatsewa irin na gilashi, don haka ya dace da gidan da tsoho ke yawan jiri ko farfaɗiya. Aibinsa saurin ƙarzuwa, kuma in bango bai miƙe ba hoton kan karkace.

Sai ƙaramin madubi mai ƙara girma, mai hannun da ake jawowa a tura. Wannan yana da amfani ƙwarai, tunda sai an cire tabarau ake sa kwalli ko magani. A ɗauki mai ninki 3 ko 5. Mai ninki 10 sai an kai fuska dab da shi, kuma yana sa wasu hajijiya. Wanda ake manna shi a tayil da roba mai tsotsa, ku rabu da shi, rana ɗaya zai saki. A taya a shago biyu ko uku, amma kada a bi araha, sayen nagari mai da kuɗi gida.

Haske da kafawa

Madubi mai kyau a cikin duhu aikin banza ne. Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa na ɗan shekara 20. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 kuma ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya a Nijeriya, mai yana kuwa ƙyalli na damunsa. Saboda haka fitila ta kasance a gefen madubi ko a samansa, tana haska fuska. In tana bayan mutum, inuwarsa zai gani. A sa ƙwai mai rufi fari, kada ya zama tsirara. Tunda wuta ba ta da tabbas, a rataye fitila mai caji ko ta sola kusa da ƙofa, inda hannu zai kai ba tare da lalube ba.

Wajen kafawa, kusa ɗaya da igiya ba su isa ba. A huda bango a sa fisha da sukuru, a kama shi sama da ƙasa. A gefensa a kafa ƙarfen dafawa mai ƙwari, tsayin inci 33 zuwa 36 daga ƙasa. Ƙarfen rataye tawul ba zai ɗauki nauyin mutum ba, haka ma kantar gilashin da ake sawa ƙarƙashin madubi. Duk abin da ke kusa, shi mai santsi zai kama.

Dole ne a cikin banɗakin?

Ba dole ba ne. A gidajenmu da yawa bayi daban, wurin alwala daban. Wasu dattijan suna da addu'ar da suke yi in sun duba madubi, kuma ba za su ambaci sunan Allah a makewayi ba. Irin waɗannan, a kafa musu a bangon waje kusa da inda suke alwala, ko a ɗaki gefen taga. Can ƙasa a bushe take, ga hasken rana kyauta, madubin ma zai fi daɗewa.

Akwai kuma tsofaffin da ruɗewa ta kama. Wani kan kalli madubi bai gane kansa ba, ya ce baƙo ya shigo masa, ko ya ƙi shiga wanka don yana ganin ana kallonsa. Kafin a ce aljanu ne, a rufe madubin da ƙyalle ko a cire shi a ga ko zai natsu, sannan a kai shi asibiti.

Kada ka ɗauko daga kudu

Ko ka ga mai kyau a Mushin ko Orile, ka yi tunanin hanya. Gilashin da zai bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Bida kafin ya isa Minna, a saman kaya, da wuya ya kai lafiya. In ma ya kai, bai dace da awo ba, wa za ka mayar wa? Ka tura kuɗi da awo, a saya a gida, inda za a iya canjawa. In an kafa, ka kira ta bidiyo, Inna ta zauna a kujerarta ka tambaye ta ko tana ganin fuskarta ba tare da ta miƙe ba. Kuma ka san halin iyaye, komai ka yi za su ce ya yi, Allah ya yi albarka. Don haka ka sa ƙanwarka ko matar wanka ta lura da ita kwana biyu, ta gaya maka gaskiya.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon kyautata musu. Amin.