Garejin Gida da Darajar Tsofaffin Motoci a Fadaman Mada

BAUCHI: A unguwar Fadaman Mada, kamar sauran unguwannin da suka bunƙasa bayan Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga gida ya tarar da tsohuwar mota a gefe guda, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Galibi Fijo 504 ce, ko Marsandi 200 da 230, jefi-jefi kuma Volkswagen Beetle ko Land Rover. Masu gida ba su sayar ba, ba su kuma gyara ba. A lissafin kasuwanci, wannan dukiya ce da take narkewa a kowace damina, kuma abin da zai yanke ko za ta zama kadara ko ta ƙare a hannun 'yan gwangwan shi ne irin ɗakin da aka ajiye ta.

Yawan waɗannan motoci a gidajen Arewa yana da tushe a manufar masana'antu ta shekarun 1970, lokacin da gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa wuraren harhaɗa motoci a sassan ƙasar nan. Kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, haka ma na Volkswagen a Legas, wanda Yarabawa suka laƙaba wa motarsa ijapa, watau kunkuru. Bauchi ita ma ta sami rabonta, watau kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya, amma shi manyan motoci da taraktoci ya harhaɗa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta rungumi manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar hukuma tun daga manyan sakatarori har zuwa ƙasa. Faransa ta fito da wannan mota a 1968, ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ce ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin Beljiyam suka kwararo ta Kwatano, tsofaffin kuma aka tura su bayan gida.

A ƙasashen Turai an daɗe da yi wa irin waɗannan motoci aji na musamman. Ƙungiyar FIVA ta duniya tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30, aka kuma kiyaye ta a kan asalinta, a matsayin motar tarihi. Jamus tana ba irin su lamba ta daban, Ingila kuma tana yafe harajin hanya ga wadda ta wuce shekara 40. A 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin kada wani ya ji wannan adadi ya fara mafarki: guda biyu kacal aka ƙera irin waccan motar, 504 kuwa miliyoyi aka yi. Kasuwar tsohuwar mota a Nijeriya ƙarama ce, masu saye kaɗan ne, kuma mutum zai iya shekara bai sami wanda zai taya da farashin da ya dace ba. Abin da yake da tabbas shi ne, tsakanin mota mai lafiyayyen jiki da takardu cikakku, da wadda tsatsa ta cinye, akwai tazarar da ta kai tsakanin kadara da ƙarfen da ake aunawa a sikeli.

Yanayin Bauchi yana kai wa motar da ke ajiye hari ta fuska uku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi wadda take shiga ko'ina, kuma wanda ya goge ta da busasshen tsumma ya kankare fentinsa da hannunsa. A Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, ya tsattsaga dashbod da kujeru, ya busar da robobin ƙofa da na gilashi, ya kuma gaggauta mutuwar batir. Daga nan sai damina, wadda ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, ta sami robobin nan a fashe, ruwa ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin kafet da cikin but. A waɗannan wurare ne da bakin tayoyi 504 ta fi saurin ruɓewa. Tamfol ɗin da ake ganin kariya ce sau da yawa shi ne yake ƙarasa aikin, domin yana riƙe laima a jikin ƙarfe, iska kuma tana goga shi a kan fenti dare da rana.

Sunan unguwar ma darasi ne ga mai gini. Fadama wuri ne mai kwari da damshi, saboda haka a duk filin da ruwa yake kusa da sama, gareji daga daɓe yake farawa. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tsawo, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare domin hana damshi tasowa, a ɗan karkatar da shi wajen ƙofa, a kuma yi magudana a bakin ƙofar. Motar da ta kwana shekaru a kan turɓaya daga ƙasa take ruɓewa, inda ido ba ya gani, sai ranar da aka ɗaga ta a tarar da ƙasanta ya zama rariya. Game da faɗi, 504 tana da tsawon kimanin mita huɗu da rabi, Marsandi ta ɗan ɗara haka, don haka ɗaki mai mita shida a tsawo da huɗu a faɗi shi ne zai bari a buɗe ƙofofi a kuma zagaya motar. Wanda yake son teburin aiki da kantar kayan aiki sai ya ƙara. A fili na ƙafa 50 da 100 wannan ba ƙaramin yanki ba ne, kuma idan ginin zai shafi katangar da ke fuskantar titi, neman izinin hukumar raya birane ta jiha ya fi jiran ranar da za a zo a yi wa bango jan fenti.

Rufin kwano ba tare da silin ba tanda ne. Silin da tagogi ƙanana guda biyu masu kallon juna, a can sama kusa da rufi, su ne suke fitar da zafi da laima, amma a sa musu raga, domin ɓera shi ne babban ɓarawon garejin gida: yana cin wayoyi, yana sheƙa a cikin kujeru da bututun iska. A kan wannan dalili, haɗa mota da buhunan masara da gero a ɗaki guda, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa bayan kaka, gayyatar ɓarna ce. Haka nan janareta da jarkokin fetur ba su da wuri a wannan ɗaki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi, kuma hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. A rataye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa, inda hannu zai kai gare ta daga waje.

Akwai masu sha'awar haƙa rami irin na garejin makanikai domin shiga ƙarƙashin mota. A ra'ayin wannan marubuci, a ƙasa mai damshi ba shi da riba: da damina zai tara ruwa da sauro, tururin mai zai kwanta a cikinsa, ga kuma yara a gida. Jak mai kyau da ƙafafun ƙarfe guda huɗu na tokare mota sun wadatar ga aikin gida, da sharaɗin kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle wadda aka ɗora a kan bulo. Tun da wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, wanda Bauchi take ƙarƙashinsa, ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci, ƙaramin farantin sola yana isa ya ba da haske ya kuma riƙe batir da caji.

Ginin rabin aiki ne, domin mota an yi ta ne don tafiya, zama kuma ciwo ne a gare ta. Fetur idan ya yi watanni a tanki yakan lalace ya zama danƙo ya toshe kafireto. Man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da motar ba ta motsa ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla a lagireto yana haifar da tsatsa a cikin inji, sai an haɗa shi da maganin da aka tanada domin haka. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, kuma shekarar da aka yi ta tana rubuce a gefenta. Al'adar nan ta tayar da inji minti biyar kowace safiya a kashe, wadda ake ɗauka kulawa ce, tana tara ruwa a salansa da cikin baƙin mai, domin injin bai yi zafin da zai ƙone shi ba. Fita da motar ta yi tafiyar rabin sa'a sau biyu a wata, a hanyar Jos ko ta Ningi alal misali, ya fi mata amfani nesa ba kusa ba. Idan kuma za ta daɗe a tsaye, a cire kan batir, a saki birkin hannu a tokare tayoyi, domin birkin yakan kame.

Fita kan titi kuwa tana nufin lasin da inshora. Tun daga Janairun 2023 kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa ƙananan motoci ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma wannan inshora ɓarnar da aka yi wa wani kaɗai take biya, ba ta san da gobarar gareji ba. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya fitar da motoci masu kafireto da yawa daga aikin yau da kullum, sakin naira a watan Yuni kuma ya tsadantar da duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi.

Batun kayan gyara shi ne inda ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Kayan inji da na birki na 504 har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, saboda yawan motocin da aka yi. Abin da yake ƙarewa shi ne ƙananan kayan jiki: fitilu na asali, bamba, tambari, marfin taya, agogon dashbod da marikin ƙofa. Duk motar da aka yanka aka kai kamfanin narka ƙarfe ta tafi da nata, ba kuma za a sake ƙera su a Kakuri ba. Mai gareji da ya ware kanta ya adana irin waɗannan kaya, a bushe, da suna a rubuce a jikin kowanne, yana riƙe da hajar da ta fi motar kanta saurin shiga kasuwa. Haka abin yake ga ƙwararru. Makanikan da suka iya saita kafireto da kunne suna tsufa, yaran da ke tasowa kuma na'urar kwamfuta suka koya. Garejin gida mai haske da tsabta yana ba da damar a kira irin wannan dattijo ya yi aiki a gaban mai mota, maimakon a ja ta zuwa bakin titi inda za ta yi wata shida a rana, kayanta suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai takardu, waɗanda mai saye na gaske yake fara tambaya kafin ya buɗe bonet: rasidin saye na farko, takardun kwastan idan daga waje ta zo, tsofaffin lasin, da lambar inji da ta shasi da suka dace da abin da ke rubuce. Tarihin wanda ya hau mota yana ƙara mata daraja. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kuma ba don injinta ake zuwa kallonta ba. A ƙaramin mataki, hoton mahaifi a jikin motarsa ranar da ya karɓo ta, da littafin sabis mai hatimin dillali, suna cikin abin da ake saye. A adana su a cikin gida, ba a aljihun motar ba, inda gara da ɓera za su riga mai saye.

Da yawa daga motocin da ke ƙarƙashin tamfol kayan gado ne da ba a raba ba. Kowa yana da haƙƙi, babu mai ɗaukar nauyi, kuma kunya tana hana a ce a sayar da motar Baba. Hanyar da shari'a ta tanada a bayyane take: a yi mata ƙima, ɗaya daga cikin magada ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya sauran, ko kuma a sayar a raba kuɗin. Kowace shekara da aka jinkirta, rabon marayu da na mata ne yake raguwa.

Lissafi na ƙarshe shi ne na ɗakin kansa. A unguwa mai jama'a irin Fadaman Mada, garejin da ke kallon titi shago ne da ba a buɗe ba, kuma gidaje da dama a birnin sun riga sun mai da nasu kantin kayan masarufi, ko shagon ɗinki, ko wurin POS. Kuɗin hayar da mai gida ya haƙura da shi a shekara, a haɗa da batir, da mai, da lasin, da ladan makaniki, shi ne ainihin farashin riƙe tsohuwar mota. Wanda ya auna ya ga zai iya, ko don sha'awa, ko don tunawa da iyaye, ko don bayar da ita haya ga masu biki da masu shirya fim, to ya gina ɗakin yadda ya kamata tun kafin ya kashe ko kwabo a kan fenti. Wanda kuma ya ga ba zai iya ba, gara ya nemi mai saye tun jikin motar yana da lafiya, kafin ruwan Agusta mai zuwa ya sake kwanciya a cikin but.