Hutun iyali a Zanzibar: Yadda za a tsara tafiya da yara masu tasowa

Tafiya hutu da ƙananan yara wahalarta ta jiki ce: goyo, shirya abinci, bin su a guje. Tafiya da 'yan shekara 13 zuwa 19 kuwa wahalarta ta daban ce. Sun wuce a ja su a hannu, ba su kai a sake su ba. Magidanci zai iya kashe miliyoyin naira ya kai su ɗaya daga cikin wurare mafi kyau a Afirka, amma a wayi gari saurayin yana kwance a ɗaki yana latsa waya, budurwar kuma ta ɓata rai tun a filin jirgi.

Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya yana cikin wuraren da iyalai daga Najeriya ke yawan sa wa ido, kuma da dalili. Mafi yawan mutanensa, waɗanda ƙidayar 2022 ta ce sun kusa miliyan 1.9, Musulmi ne. Ba a shan wahalar neman masallaci ko abincin halal a cikin gari. Sai dai wannan sauƙin kan sa wasu su ɗauka cewa tafiyar ba ta buƙatar shiri. Tana buƙata, kuma mafi yawan abin da zai gyara ta ko ya ɓata ta a gida ake yanke shi, tun kafin a sayi tikiti.

Takardu kafin komai

Masu fasfo ɗin Najeriya da na Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet, hukumar shige da fice ta ƙasar ta duba ta amince, kuma ana ba da shawarar a nema tun kamar wata biyu kafin ranar tafiya. Kowane yaro da tasa takardar. Saboda haka iyalin da ke son tafiya a dogon hutun makaranta na watan Agusta, a watan Mayu ya kamata su fara, kuma kada a sayi tikitin da ba a iya sauya ranarsa kafin biza ta fito.

Ana kuma neman katin allurar rigakafin shawara daga duk wanda ya fito daga Najeriya, sannan fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Tun daga 1 ga Oktoban 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida.

A wajen lissafin kuɗi, abin da ke ba iyaye da dama mamaki shi ne kamfanonin jiragen sama suna ɗaukar yaron da ya kai shekara 12 a matsayin babba. Uba da uwa da matasa uku tikiti biyar ne cikakku. Haka ma ɗaki: baligi da baliga ba za su kwana ɗaki ɗaya ba, don haka ɗaki uku ake magana, ko kuma a kama gida sukutum mai ɗakuna da kicin, wanda sau da yawa ya fi arha kuma ya fi sutura. Daga Kano ko Abuja, hanyar da aka fi bi ita ce ta Adis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines. Wanda ya sauka a Darussalam kuma zai iya ƙarasawa da jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu.

Lokacin tafiya ya yi wa 'yan makaranta daɗi. Babbar daminar Zanzibar daga Maris zuwa Mayu take, akwai kuma ƙarama wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da iska mai sanyi. Illar ita ce lokacin ne Turawa ma ke cika tsibirin, farashin masauki ya tashi.

Wace gaɓa za a sauka?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin hotunan otal-otal duk iri ɗaya ne: farin yashi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne tekun na cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma ba daidai yake yin hakan a ko'ina ba.

A gabashin babban tsibirin Unguja, wato su Paje da Jambiani da Matemwe, idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, har mutum ya yi doguwar tafiya a kan yashi da duwatsun murjani kafin ya iske ruwan da zai kai masa gwiwa. Yaron da aka yi wa alkawarin wanka a teku duk yini zai ga kamar an yaudare shi. Amma ga iyalin da 'ya'yansu ba su iya iyo ba, wannan gaɓar ta fi kwanciyar hankali. A lokacin janyewar ne ma ake ganin matan ƙauyukan suna aikin noman ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, su busar a sayar zuwa ƙasashen waje. A Paje akwai makarantun koyar da wasan nan da iska ke jan mutum a kan ruwa da wata babbar lema, wanda samari ke mutuwar so, sai dai yana da tsada kuma sai wanda ya iya ruwa.

A arewa kuma, Nungwi da Kendwa, tekun bai cika janyewa da nisa ba, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Nan ne aka fi cunkoso, nan ne kuma mashaya da kiɗan dare suka fi yawa. Kendwa ta yi suna da casun da ake yi duk lokacin da wata ya cika. Uban da ba ya son ya riƙa amsa tambayar "Baba, mu leƙa mu dawo?" kowane dare, gara ya duba taswira da kyau kafin ya biya kuɗin masauki. A ganina, ga iyali irin namu, raba kwanakin ya fi: biyu a tsohon birni, sauran a ƙauye mai natsuwa a gabas, a ware yini guda a je Nungwi a ga masu sassaƙa jiragen katako da hannu da kuma wurin kula da kunkurun teku na Mnarani.

Maganar ruwa ba ta wasa ba ce

Yawancin yaran da suka tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba su taɓa koyon iyo ba, wanda ya koya ma a wurin wanka na otal ya koya, inda ruwa ba ya motsi. Matashi kuma ba ya son a ce bai iya ba, musamman a gaban ƙannensa ko wasu baƙi sa'anninsa. Idan da hali, a sa su koyon iyo na 'yan makonni kafin tafiya. Idan babu, a kafa doka tun a gida, kowa ya ji da kunnensa: ba mai shiga ruwa shi kaɗai, ba mai shiga bayan magariba, ba mai hawa kwale-kwale ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba. Iyaye su ƙirga rigunan da idonsu kafin a tashi, kada su dogara da maganar mai jirgi. Mutanen tsibirin kansu ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander a 2011 da na Skagit a 2012 ba.

A gabas, haɗarin shi ne mutum ya bi yashi ya yi nisa, ruwa ya dawo ya tare shi ta baya. Masaukai kan liƙa jadawalin cika da janyewar teku na kowace rana. Wannan aiki ne mai kyau da za a ɗora wa ɗaya daga cikin yaran, ya riƙa dubawa da safe yana sanar da kowa. A kuma sayi takalman roba na shiga ruwa, saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓoye tsakanin duwatsu.

Akwai wani abu kuma a lambun Forodhani da ke bakin teku a tsohon birni. Da yamma samarin gari kan taru suna tsalle suna wulƙitawa daga kan katanga zuwa cikin ruwa, bidiyonsu ya cika TikTok da Instagram. Da wuya a ce ɗanka bai taɓa gani ba. Su sun san zurfin wurin da lokacin da ruwa ya cika, baƙo bai sani ba. A bar shi ya ɗauki bidiyo, iyakarsa ke nan.

A ba su nasu rabon shawara

Matashin da aka kira aka ce masa "shirya kayanka, jibi za mu tafi" ɗan rakiya ne, kuma haka zai yi ta nuna hali har a dawo. Wanda aka zaunar aka nuna masa kasafin kuɗi, aka ce ya zaɓi abin da za a yi ranar Laraba, ya zama mai tafiya. Kowane yaro a ba shi yini guda ko rabin yini nasa, da sharaɗin sauran za su bi ba tare da gunaguni ba.

Abin zaɓa kuwa yana da yawa. Mai son dabbobi zai ja kowa zuwa dajin Jozani, inda ake samun wani jan biri da asalinsa na Zanzibar ne kaɗai, ko tsibirin Changuu da ake kira tsibirin kurkuku, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu kyauta daga Seychelles a 1919. Mai son girki za ta so gonakin kayan ƙamshi, ta ga kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi a jikin itacensu, abubuwan da ta saba gani a busasshe a kasuwar Kurmi. Kanumfari ne ya yi wa Zanzibar arziki a ƙarni na 19, bayan Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa can, ko da yake yanzu tsibirin Pemba ne ya fi nomansa.

Tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, yana iya gundurar matashi idan aka yi ta jansa daga ƙofa zuwa ƙofa a cikin rana. Amma labaransa suna kama hankali idan aka samu ɗan jagora mai lasisi da ya iya ba da labari. A nan aka yi yaƙin da ake ɗauka mafi gajarta a tarihi, ranar 27 ga Agustan 1896, inda jiragen ruwan Ingila suka ragargaza fadar sarki cikin ƙasa da awa ɗaya. A nan kuma cocin Angilikan yake, wanda aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Wurin yana da nauyi a zuciya, kuma yana da kyau ɗan shekara 16 ya tsaya a cikinsa, domin cinikin bayi ba labarin Turawa kaɗai ba ne. Larabawa da 'yan Afirka ma sun sa hannu, har a ƙasarmu. A kudu, a ƙauyen Kizimkazi, akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107.

Wani abin da ke sa yara dariya shi ne jin Hausa a bakin Baswahile. Labari a wurinsu habari ne, sabulu sabuni, alƙalami kalamu, ashirin ishirini, saboda harsunan biyu sun aro daga Larabci. A koya musu gaida babba da shikamoo, za su ji an amsa da marahaba. A kuma ja musu kunne kan agogo: a lissafin Swahili daga ƙarfe shida na safe ake fara ƙirga awa, don haka saa moja ƙarfe bakwai ne. Idan direba ya ba da lokaci, a tabbatar da wane lissafi yake nufi. Tsibirin kuma yana gaban Najeriya da awa biyu.

Waya, kuɗi da sutura

Ƙwace waya a lokacin hutu faɗa ne da ba a cin nasara. Abin da ya fi shi ne a yi yarjejeniya, misali babu waya a kan abinci, sannan a mayar da ita kayan aiki: wannan shi ne mai taswira, wannan mai ɗaukar hoto, wannan mai rubuta abin da aka kashe. A saya wa manyan cikinsu layin waya na can, domin lungunan tsohon birni suna da ruɗarwa, mota ba ta shiga yawancinsu. A bar su su yi barcin safe wasu ranaku. Ba kowace rana ce sai an fita yawo ba.

A ba kowa kuɗin kashewarsa da shilin na Tanzaniya tun ranar farko, a gaya masa idan ya ƙare ya ƙare. A kasuwar dare ta Forodhani za su koyi ciniki da sauri, muddin sun tambayi farashi kafin a zuba musu. Abincin da aka soya a gabansu ya fi wanda aka jera tun yamma, musamman kifi da jatan lande. Wanda bai taɓa cin kayan teku ba ya fara da kaɗan, domin wasu jikinsu ba ya karɓa.

Ta fuskar sutura 'ya'yanmu ba su da matsala a cikin gari, inda hukuma ma ke neman baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa. A bakin tekun otal ne za su ga shigar da ba su saba gani ba, da giya a fili. Gara uwa ta yi wa 'yarta wannan magana a gida, uba ya yi wa ɗansa, a kuma saya wa 'yan matan kayan wanka masu rufe jiki tun daga nan. Samarin da ke yawo a bakin ruwa suna tallar yawon kwale-kwale, waɗanda ake kira papasi, suna da naci da daɗin baki, kuma sukan fi tunkarar matasa idan sun gan su su kaɗai. Duk wata yarjejeniyar fita da jirgi ta bi ta hannun iyaye, kuma babu ba baƙo lambar waya. 'Yan mata su yi hattara da baƙin lallen da ake zana wa baƙi a bakin teku, domin sinadarin da ake haɗa shi da shi yana ƙona fatar wasu. Jan lalle da suka sani a gida ya wadatar.

A ranar komawa, a bar masaukin arewa ko na gabas da wuri. Daga Nungwi zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume tafiyar ta haura awa ɗaya, kuma wanda ya shiga teku da safe sai ya samu lokacin da kayansa za su bushe kafin a rufe akwati.