Wa zai tsaya wa mutumin Difa gaban alƙali?

Daga Difa zuwa Yamai tafiya ce ta kilomita fiye da 1,300. Wannan nisa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka kama da laifin da ke iya kai shi ga hukuncin kisa, domin yawancin lauyoyin ƙasar Nijar a Yamai suke zaune.

Dokar hukunta laifi ta 1961 ta tanadi kisa ga wanda ya shirya kashe mutum, sannan ya aikata. Rabon da a zartar da wannan hukunci a Nijar tun 1976, lokacin da aka harbe waɗanda suka nemi kifar da mulkin Saini Kunce. Amma alƙalai ba su bar yanke shi ba. A watan Disamba na 2010 an kai shawarar soke shi gaban majalisar shawara ta ƙasa, majalisar ta ƙi.

A ce shanu sun shiga gonar tattasai a bakin Komadugu. Faɗa ya tashi, sanda ta faɗa kan wani, rai ya salwanta. Ga doka, wanda ya yi duka ba da nufin kisa ba daban, wanda ya kashe da gangan daban, wanda ya kwana yana shirya kisan shi ma daban. Na ƙarshen ne ake yanke wa kisa. Aikin lauya shi ne ya nuna wa alƙali inda mutuminsa ya faɗa cikin ukun nan. Zai nemo shaidu, ya duba takardun jandarma, ya tambayi inda aka samo kowace magana.

A nan matsala take. Shari'a da Faransanci ake yin ta. Manomi ko makiyayi yana jin Barbarci, ko Fulatanci, ko Hausa. Abin da ya faɗa wa jandarma ta bakin tafinta yake bi kafin a rubuta. Sai a miƙo masa takarda ya dangwala yatsa, bai san abin da ke ciki ba. In tafinta ya kuskure kalma ɗaya, ita za a karanta ranar shari'a.

Doka ta ce ba a yi wa mutum shari'ar babban laifi sai da mai kare shi. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa hali a gaban shari'a. Inda babu lauya, akan naɗa wani mai ilimin boko, kamar malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci, ya tsaya wa wanda ake tuhuma. Mutanen nan suna ƙoƙari, amma ba su karanci doka kamar lauya ba. Wani lokaci kuma sai shari'a ta matso suke ganin takardun.

Jama'ar Difa sun ga wannan da idonsu. Bayan Boko Haram ta kai hari Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an kama mutane masu yawa, aka kai su gidajen kaso na Yamai, Kollo da Kutukale, nesa da danginsu da shaidunsu. Sai a 2017 aka soma yi musu shari'a a Yamai. A 2018 kotun ta zo ta zauna a Difa. An ɗaure wasu, an sallami wasu bayan sun shekara biyu ko uku a tsare.

In an kama wani, kada danginsa su jira ranar shari'a. Ya kamata su je kotun Difa da wuri, su nemi ofishin taimakon marasa hali, su ba da sunayen shaidu tun ba su tafi da dabbobi mashekari ba. Shi kuma wanda aka kama ya nemi a fassara masa takarda da harshensa kafin ya sa yatsa.