Naɗin Kaza da Ganye: Abincin Rana Mai Sauƙi

Ya kai maigida, da ke uwargida, ga wata tambaya. Ran da aiki ya yi yawa, me mutanen gidanku su kan ci tsakanin hantsi da la'asar? A ƙasarmu ta Yawuri, tun daga Shanga har Wara, amsar kusan ɗaya ce. Manomi ya sha koko da sassafe ya nufi fadama, Basarke ya tura jirgi tun da asuba. In an yi sa'a a ƙulla garin kwaki a leda, in ba a yi ba a wuni haka nan sai tuwon dare. Yara kuwa su taso daga makaranta su tarad da tukunya a kife, don uwarsu tana wurin dashen albasa.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Babban da ya wuni da yunwa aikinsa ya kan ragu, yaron da ya saba wuni da gari da ruwa kurum ba ya girma yadda ya kamata, kuma kowace cuta ta zo shi za ta fara kayarwa.

A birane akwai wani abinci da su ke kira shawarma, watau nama da ɗanyen ganye a naɗe cikin gurasa mai faɗi, a ci a hannu ba kwano ba cokali. Mu ba mu bukatar zuwa birni neman irinsa. Muna da kaji a tsakar gida, muna da zogale a jikin danga, muna da albasar da ƙasarmu ta yi suna da ita, muna da shinkafar sinasir. Kwaɗo kuwa, wanda waɗansu ke kira datu, iyayenmu sun san shi tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya, a kuma san yadda za a yi kada abincin ya zama cuta.

Amfanin kowane abu

Jiki yana bukatar abinci iri uku. Akwai mai ba da ƙarfi, akwai mai gina jiki, akwai mai tsare shi daga cuta. Naɗi ɗaya ya tara duka ukun.

Sinasir da man gyaɗa su ne masu ba da ƙarfin riƙe fartanya da filafili. Kaza da ƙuli-ƙuli su ne masu gina tsoka da jini. In ka auna dafaffen naman kaza, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa abin gina jiki ne zalla. Rashin irin wannan abinci shi ke kawo tamowa, inda za ka ga yaro ya rame, ko kuwa ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Zogale da karas suna da sinadarin da ke tsare ido daga dundumi. Lemon tsami da tumatir kuma su kan taimaki ciki ya tsotsi abin ƙarin jini da ke cikin ganye, saboda haka mai ciki da mai shayarwa kada a bar su a baya wajen rabo.

Dambun kaza shi ne asirin saurin

Na san za ka ce, wa zai yanka kaza kullum? Gaskiyarka. Kaza a ƙauye sai baƙo ya zo, ko suna, ko Salla. To, dabarar ita ce a yanka sau ɗaya a ci kwanaki, kuma hanyar yin haka ba tare da firij ba ita ce dambun nama.

Uwargida, ki dafa kazar da albasa da citta da kanumfari da gishiri, har naman ya riƙa rabuwa da ƙashi don kansa. Ki ɗebi romon ki ba yara su sha da zafinsa. Ki cire ƙasusuwa sarai, ki daka naman a turmi mai tsabta, kana ki zuba a kasko da mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa har ya daina tururi, ya bushe ya yi wara-wara. In ya huce ki zuba cikin busasshen gwangwani mai murfi. Ƙwayoyin cuta ba su yaɗuwa inda babu laima, shi ya sa dambun da ya bushe sosai ya kan yi kwanaki lafiya lau. Amma a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da hannu ba. Ran da ki ka ji wari ko ki ka ga fumfuna, zubarwa ya kama.

In babu kaza, dafaffen ƙwai ya isa, ko na zabo. Mu da ke bakin ruwa ma Allah ya hutasshe mu: ga ƙarfasa, ga tarwaɗa, ga warangi wanda a kan ci har da ƙashinsa, ya ƙarfafa ƙashin yaro da haƙoransa.

Yadda a ke haɗawa

Ga abin da zai ishi mutum 5:

Sinasir 10, na ranar.
Dambun kaza, cikin gwangwanin madara 2.
Dafaffen zogale ko rama, ƙaramin kwano 2, a matse ruwan.
Kabeji ko latas kaɗan, da karas 1, in lokacinsu ne.
Tumatir 3, albasa babba 1, lemon tsami 1.
Garin ƙuli-ƙuli, gwangwanin madara 1.
Man gyaɗa cokali 2, da gishiri da yaji daidai baki.

Da farko ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke kabeji da tumatir da karas ganye-ganye, ɗaya-ɗaya, sa'an nan ki yanka ƙanana. Ki dama garin ƙuli da ruwan da aka tafasa ya huce, ya yi kauri kamar kunu, ki sa mai da gishiri da yaji, ki matse lemo. Ki zuba ganyen ki cakuɗa. Dambu shi ne na ƙarshe, don kada ya jiƙe tun kafin a ci. Ki shimfiɗa sinasir a faifai mai tsabta, ki zuba cokali biyu ko uku a gefe ɗaya, ki naɗe kamar tabarma. Shi ke nan. In zogalen a dafe ya ke, aikin duka bai fi kwatan awa ba.

In babu sinasir, a tsaga burodi a cusa, ko a kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a murza ta yi faɗi, a gasa a kasko. Man salak na kwalba da su ke kira mayonis ba dole ba ne. Kuɗi ne da shi, kuma in an buɗe yana son firij. Ƙulinmu ya fi shi amfani a jiki.

Sai dai a duba ƙulin. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafi mai lalata hanta, wanda suya ba ta kashe shi. An gane wannan dafi ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. A tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin a soya, ƙuli mai ɗaci ko warin rima kuma a rabu da shi.

Inda haɗarin ya ke

Yanzu ga abin da ya sa aka rubuta wannan takarda. Kaza da ɗanyen ganye suna cikin abubuwan da su ka fi saurin kawo zawo in an yi sakaci da su.

Wata shekara da bazara aka kawo mana mutum biyar 'yan gida ɗaya, daga wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, duka suna amai da gudawa. Da muka bincika, ashe an yi suna ne kaza ta ragu, ta kwana a kwano. Da safe aka yayyaga ta da hannu, aka haɗa da latas da aka ɗauraye a bakin tafki, aka ƙulle a leda aka ajiye cikin jirgi, rana na dukanta har azahar. Ba ta yi wari ba, kowa ya ci ya yaba. Manyan sun tashi bayan kwana biyu. Yarinyar gidan 'yar shekara uku kuwa sai da aka yi mata ƙarin ruwa, da ƙyar aka same ta.

Ga dalili. Ƙwayar cuta ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. In ta sami nama mai laima da ɗumi, ta kan rabu biyu kamar kowane minti 20. In ka yi lissafi, ƙwaya ɗaya tak ta kan haura miliyan 2 cikin awa 7, watau daga asuba zuwa azahar. Waɗansunsu ma su kan bar dafi a cikin abinci, wanda ko an sake ɗumamawa ba ya fita.

Saboda haka a riƙe waɗannan dokoki:

1. Kazar da ke gyangyaɗi ko zawo, kada a yi maza a yanka wai don kada a yi hasara. Wadda ta mutu a binne ta, a kuma sanar da malamin dabbobi in suna mutuwa da yawa. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya aka san tana iya kama mutum.

2. A fige kaza a gyara ta nesa da wurin abinci. Wuƙa da kwanon da su ka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa ganye.

3. Kaza ta dahu har cikin ƙashi. In an tsaga cinya aka ga ja ko jini-jini, a mayar wuta.

4. Kazar miya da ta kwana ba firij ba ta shiga naɗi.

5. Da zarar an cakuɗa, a ci kafin awa 2. Da bazara kuwa, lokacin tsananin zafi, kada ya wuce awa 1.

6. A rufe abinci saboda ƙuda.

Maganar ruwa

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki a wajenmu, garuruwa da yawa su ka koma sabon mazauni a bakinsa. Ruwan nan arziki ne, da shi mu ke ban ruwa, cikinsa mu ke su. Amma a gaɓarsa a ke wanki da wanka, nan dabbobi ke sha, kuma ruwan sama ya kan kwaso bayan gida daga daji ya zuba ciki. Ganyen da aka ɗauraye a nan, ƙazanta aka ƙara masa. Mai shiga ruwan gaɓa kuma yana iya kwasar tsargiya.

A wanke ɗanyen ganye da ruwan burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa maganin kulorin. Barbaɗa gishiri a ruwan wanki yana fid da tsutsa da ƙasa, amma ba ya kashe ƙwayar cuta duka. In an ji kwalara ta ɓulla a gari, a daina cin ɗanyen ganye ɗungum, a tsaya ga dafaffe. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 su ka rasu, Jihar Kebbi ma ba ta tsira ba.

Mai tafiya nesa

In gonar kusa ce, a haɗa naɗin dab da azahar a aika da shi cikin kwano mai murfi. Wanda zai wuni a tsakiyar ruwa, ko mai zuwa cin kasuwar Yelwa, kada a haɗa masa tun da safe. A ba shi sinasir dabam, dambu da garin ƙuli a bushe dabam, tumatir da albasa da lemo a wanke amma ba a yanka ba, da gorar ruwa mai tsabta da guntun sabulu. In yunwa ta zo ya wanke hannu, ya yanka, ya naɗe, ya ci.

Rabon yara

Maigida, wannan taka ce. Al'adarmu ita ce a kai wa babba cinya da ƙirji, a bar wa yaro ƙafa da wuya. Amma yaron shi ke girma, shi ya fi bukata. Zancen da a kan yi wai in yaro ya ci ƙwai zai koyi sata, ba shi da tushe. Jariri nono kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan a ci gaba da nono, a riƙa murje masa dambu da dafaffen zogale su yi laushi a zuba cikin kununsa, ba yaji, ba ɗanyen ganye.

In kuwa zawo ya kama wani, kada a jira. A jiƙa garin gishiri da sukari na asibiti yadda aka rubuta a jikin takardar. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a hana yaro nono ko abinci. In ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gida, a kawo shi ɗakin magani nan da nan, ko da dare ne.

To, jama'a, kun ga kayan duka na gida ne. Saurin a wajen haɗawa ya ke, amma wajen wanke hannu da dafa kaza ba a gaggawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da wadata, amin.